Tafintan Kofur Ɗanladi

A Minna aka haife ni, a layin da ke bayan tashar jirgin ƙasa. Mahaifina kafinta ne, ya biyo aikin reluwe daga Zariya tun ana shimfiɗa dogo, da aikin ya ƙare sai ya yi zamansa. Ni kuwa da na gama makarantar Midil aka ɗauke ni akawu a kotu, daga baya na zama tafinta, saboda ina jin Turanci, ina kuma tsintar harsunan mutanen karkara irin na kasuwa. Na daɗe ina tsayawa tsakanin mai shari'a da wanda ake tuhuma, yau satar shanu, gobe rikicin gona, jibi ɓarawon kaya a tasha. In faɗa wa wannan abin da wancan ya ce, a yanke hukunci, 'yan doka su tasa ƙeyar mutum zuwa gidan yari, ni kuma in tafi cin abincin rana. 'Yan shekaru bayan yaƙin Bama aka zaɓe ni in je Ingila in karanta ilimin laifi da hukunci a jami'a, don ana son a gyara gidajen yarin lardinmu.

Jirgin ruwan da muka shiga a Ikko bai yi nisa da gaɓa ba cikina ya juya. Na kwanta ina ta amai har na daina sanin safe da yamma. Abokin ɗakina wani Bayarabe ne mai zuwa karatun likita. Bai san ni ba, addininmu ma ba ɗaya ba, amma shi ya riƙa jiƙa mini garin rogonsa da ruwa, yana matsa mini lemon tsami. Da na samu na miƙe, shi ne kuma yake leƙa kicin ya tambayo mini ko akwai alade a cikin abin da aka dafa. Da muka sauka a Libaful ya hau jirgin ƙasa zuwa wani gari, ban ƙara ganinsa ba.

Ina tsaye a bakin tashar jiragen ruwa, sanyi na ratsa ni, sai wani baƙar fata cikin kwat mai kyau ya matso ya ce mini sannu da zuwa da Hausa. Hausar ba ta wuce gaisuwa ba, amma a wannan wuri ta ishe ni. Ya ce shi aka aiko ya tarbi ɗalibai. Ya ɗora akwatina a baro, ya zaunar da ni a wani shagon shayi, ya ce zai kai kayan masauki ya dawo ya ɗauke ni. Na zauna har mai shagon ya fara kife kujeru a kan tebura. A cikin akwatin akwai bargona da rigunan sanyi, da kilishi da daddawa da garin kuka da mahaifiyata ta ƙulla mini. Da na je wurin 'yan sanda, wanda ya karɓi ƙarata ya tambaye ni abin da ya kawo ni ƙasarsu. Na ce karatun ilimin laifi. Ya ɗaga kai ya dube ni, ya ce ai kuwa na fara da wuri.

Neman ɗaki ya fi satar ciwo. Sai in ga takarda a taga an rubuta akwai ɗakin haya, in ƙwanƙwasa, a buɗe, a dube ni, a ce yanzun nan aka kama shi. Washegari in wuce in ga takardar tana nan. Da na gaji da yawo sai Allah ya haɗa ni da Misis Bel, wata dattijuwa da mijinta ya nutse a teku lokacin yaƙi. Ita ma ta daɗe tana kallona daga bakin ƙofa, sannan ta tambaye ni ko ina shan giya. Na ce a'a. Ta ce ko ina kawo mata. Na ce a'a. Ta ce to in shigo kafin sanyi ya kashe ni a ƙofar gidanta. A ranar ta ciro kwat ɗin mijinta daga akwati ta ba ni. Hannun ya fi nawa tsawo, na naɗe shi, da shi na yi duk zamana a ƙasar. Da ta gane ba na cin abin da aka soya da man alade, sai na ga sabuwar tukunya a rataye, ta ɗaura mata jan zare a hannu.

Duk da haka kewar gida ba ta bar ni ba. Bayan gidan akwai layin dogo, kuma usur ɗin jirginsu ɗaya yake da namu. Da na ji shi sai in ga masu tallar gasasshiyar doya suna bin tagogi a tashar Minna, in ga matan Fulani sun jera ƙwaryar nono a gindin mangwaro. Azumin farko ya same ni lokacin da ranarsu ba ta son faɗuwa. Na yi salla ni kaɗai a ɗaki, babu wanda zan ce wa barka.

Karatun kuwa ya girgiza ni. Malaminmu babba, Dokta Marlo, tsoho ne mai tari, ya taɓa aiki a gidan yari kafin ya koma koyarwa. Ya nuna mana wasu ƙarafa da masanan zamanin baya suke auna kan ɗan Adam da su, wai daga faɗin goshi da tsawon haɓa za a gane ɓarawo. Wani ɗalibi ya waiwayo ya dube ni yana murmushi. Dokta ya gani, ya kira shi gaban aji, ya auna kansa, ya ce bisa ga wannan ilimi ya kamata a ɗaure shi tun kafin ya yi komai. Aka yi dariya, ya mayar da ƙarafan cikin akwati ya ce wurinsu ke nan. Abin da ya fi nanatawa shi ne, kotu tana tambayar abin da mutum ya aikata, mu kuma aikinmu mu bi sawunsa baya mu ga hanyar da ta kawo shi wurin. Na riƙa tuna fuskokin da na yi wa tafinta a gida. Na san laifin kowannensu, amma da wuya in faɗi ko da sunan ƙauyen ɗaya daga ciki.

A shekarata ta biyu Dokta ya kai mu ziyara wani babban gidan yari. Muna zagayawa sai wani gandiroba ya ja ni gefe, ya ce suna da wani ɗan Afirka da ke jiran shari'ar kisan kai, Turancinsa kaɗan ne, kuma tun da aka kawo shi ya daina magana. An gwada masa masu harsuna iri-iri bai tanka ba. Ya ce ko zan gwada.

Na same shi zaune a bakin gado, ƙato ne, ya girme ni, ya zuba wa bango ido. Na yi masa sallama, na ce sannu. Ya juyo a hankali.

"Kai daga ina?" ya tambaye ni.

"Daga Minna."

"Minna na jirgin kasa?"

"Ita fa."

Ya rufe fuskarsa da tafukansa, ya daɗe a haka. Da ya buɗe sai ya ce, "Ni Gwada. Uwana yana Gwada."

Ko bai faɗa ba, Hausarsa ta faɗa. Irin wadda nake ji ce a bakin manoman Gbagyi ranar kasuwa, wadda mace da namiji duk "ya" ne, an kuma gauraya ta da Hausar bariki. Tun da na bar gida ban ji abin da ya kai ta daɗi ba.

Sunansa Ɗanladi, ya kai kofur a soja. Lauyan da hukuma ta ba shi ya roƙe ni in riƙa zuwa, jami'a kuma ta yarda. A hankali na ji labarinsa. An ɗauke shi soja daga gona, aka kai shi Bama. Da aka sallame su ya iso Ikko, ya ji a bakin wani ɗan garinsu cewa matarsa ta rasu wajen haihuwa tun yana can, sai ya kasa ƙarasawa gida. Ya yi dako a bakin ruwa, ya shiga jirgi yana zuba kwal a wuta, har ya tsinci kansa a Libaful yana lebura a wani filin tara kwal. Tun daga yaƙi, in ya ji ƙara mai ƙarfi ba zato, sai ya zube ƙasa ya rufe kai. Wani Bature abokin aikinsa ya gano haka, ya mai da shi abin wasa. Sai ya laɓaɓo ta baya ya buga ƙarfe a kan kwanon rufi, Ɗanladi ya faɗi cikin baƙin ƙura, a yi ta dariya. An yi watanni ana haka. Ran nan da ya faɗi sai ya tashi da shebur a hannu, ya sauke wa mutumin a ka. Mutumin ya kwana biyu a asibiti ya cika.

Lauyan ya yi mini bayani, ko da yake na riga na karanta a aji. In aka tabbatar cewa da niyya ya yi, rataya ce. In aka yarda tsokana ce ta fitar da shi daga hayyacinsa, ɗauri ne. Ya ce in gaya masa ya riƙa ba da amsa gajera, kada ya ƙara komai a kan abin da aka tambaye shi. Na gaya masa. Ya gyaɗa kai kamar ya ji.

Ranar shari'a aka rantsar da ni cewa zan fassara gaskiya, ba ƙari ba ragi. Alƙali na sama cikin jar riga. A gefe ga mutum goma sha biyu, 'yan gari, waɗanda su ne za su ce ya yi laifin ko bai yi ba. A can baya matar mamacin na zaune cikin baƙaƙen kaya, ba ta kai shekaruna ba. Leburorin da aka kira shaida duk suka ce wasa ne kawai irin na wurin aiki, sai wani tsoho guda. Shi ya ce ba wasa ba ne, ya sha hana su ba su ji ba, shi ma ya yi yaƙin duniya na farko, ya san abin da ƙara take yi wa mutum. Da ya sauko, babu ɗaya daga cikin abokan aikinsa da ya matsa masa wurin zama.

Aka kira Ɗanladi. Lauyansa ya bi da shi a hankali, komai ya tafi daidai. Sai lauyan gwamnati ya miƙe, ya sa aka ɗaga shebur ɗin kowa ya gani. Ya tambaya ko ya san in aka bugi mutum da wannan a ka zai iya mutuwa. Na mayar masa da tambayar da Hausa.

Ɗanladi ya dubi shebur ɗin ya ce, "Na sani. A Bama ni da kaina na kashe mutum da abin da bai kai wannan ba."

Duk faɗin ɗakin nan mu biyu ne kawai muka san abin da ya faɗa. Kowa ni yake kallo. Da na ce "ya ce ya sani" na yi shiru, babu wanda zai taɓa kama ni. Da ma na ce bai gane tambayar ba, an maimaita, na samu na ƙifta masa ido. Na dubi wuyansa, na tuna abin da lauya ya ce. Ɗan ƙasarmu ne, ni kaɗai yake da shi a nan. Sai kuma idona ya kai ga matar nan, ta miƙo wuya tana jiran ta ji abin da wanda ya kashe mijinta ya ce. Ita ma ba ta da wata hanyar ji sai ta bakina. Na faɗi maganar duka, yadda ya faɗe ta.

Wata mata cikin mutum goma sha biyun ta dafe baki. Lauyansa ya sunkuyar da kai. Lauyan gwamnati ya ce ba shi da sauran tambaya, ya zauna. Amma Ɗanladi bai daina magana ba, murya ce kawai ta yi ƙasa, kamar da kansa yake yi. Alƙali ya riga ya juya ga takardunsa. A kotun Minna ban taɓa buɗe baki ba tare da an tambaye ni ba. Ran nan na ji muryata tana cewa, "Ranka ya daɗe, bai gama ba."

Alƙalin ya dube ni ta saman tabarau. Lauyan gwamnati ya fara miƙewa, alƙalin ya ɗaga masa hannu, ya ce in ci gaba. Na ce wa Ɗanladi ya sake faɗa da ƙarfi.

"Ranar ban ga Bature ba," in ji shi. "Karfe ya yi kara, na ga daji, na ga ruwa yana zuba, na ga Audu abokina kwance ba kai. Na tashi in kare kaina. Da idona ya bude, sai na ga kwal, na ga mutum a kasa. Na san shi. Yana da yaro."

Na fassara wannan ma, ban gyara masa ko kalma ba.

Mutum goma sha biyun suka shiga ɗaki suka daɗe. Da suka fito suka ce ba kisan ganganci ba ne. Alƙali ya ɗaure shi shekara bakwai. Har yau ban san abin da ya fi nauyi a wurinsu ba, shaidar tsohon nan ce ko maganar ƙarshe. Da kuma sun ce a rataye shi, ban san yadda zan zauna da kaina ba. Na kai wa Dokta Marlo wannan tambaya. Ya zuba mini shayi, ya yi tarinsa, ya ce shi ma yana da irinta guda biyu ko uku da yake ɗauke da su tun kafin a haife ni, kuma babu littafin da ya sauke masa su.

A matakalar kotu matar mamacin ta tare ni. Ta tambaye ni ko a cikin duk abin da ya faɗa da harshensu akwai inda ya ce ya yi nadama. Na ce mata bai faɗi wannan kalma ba, amma ya ambaci ɗanta ba tare da an tambaye shi ba. Ta ce ta ji wannan. Ta gyara hularta ta sauka, ba wanda ya raka ta.

Na ci gaba da ziyartarsa har na gama karatu. Misis Bel ta koyi tuƙa wani abu mai kama da tuwo da garin alkama don in kai masa, aka ce ba a shiga da abinci, muka dawo da shi muka cinye ni da ita. Abin da nake iya kai masa hira ce kawai. Mukan yi zancen doya, da lokacin da ake tada kunyar shuka ta, da ko gadar hanyar Gwada tana nan. Wata rana na gaya masa cewa a kotu na yi tunanin in rage maganarsa. Ya yi mamaki. Ya ce da na rage, ai wani mutum ne za a yi wa shari'a, ba shi ba.

A ziyarar ƙarshe ya roƙe ni in nemi mahaifiyarsa. Da farko ya ce in ce mata yana aikin jirgi, yana lafiya. Har na miƙe zan fita ya kira ni.

"Malam, bari wancan. Ka fada masa yadda ka fada wa alkali. Duka, har karshe."

Da na dawo Minna na huta kwana kaɗan, na hau motar doya zuwa Gwada ranar kasuwa. Aka yi mini kwatance zuwa wani ƙauye a bayan gari. Na tarar da ita tana dawowa daga daji, 'yar tsohuwa ƙanƙanuwa, da damin itace a kafaɗa yadda matansu suke ɗauka. Na durƙusa na gaishe ta, na ce Iya, daga wurin Ɗanladi nake. Ta sauke itacen a hankali. Ta ce Ɗanladi ya mutu a yaƙi, sun yi masa makoki tun tuni. Na ce yana da rai, da idona na bar shi.

Ta zauna a kan itacen. Na ba ta labarin duka, da Hausa da ɗan abin da nake ji na harshensu, tun daga kwano da ƙarfe har zuwa shebur da hukunci. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta tambaya ko mamacin ya bar 'ya'ya. Na ce ɗa guda. Ta murza tafin hannunta a gwiwa. Sannan ta tambaya damina nawa ta rage. Na ce biyar, in ya yi hali mai kyau ƙila ba za ta kai ba.

Ta juya ta kira wani ƙanen mijinta da ke gyara fartanya a inuwa, ta nuna masa wani ɗaki da jinkarsa ta rufta, akuya na kwance a ciki. Ta ce a fitar da akuyar, a yi sabuwar jinka kafin ruwa ya sauka.

Daga nan, duk kaka sai direban motar Gwada ya ajiye mini doya guda a ofis, ya ce in ji tsohuwa, wai in san tana nan. Ni kuma a gidan yarin da aka ba ni in kula da shi, na sa doka cewa duk wanda aka kawo, sai na zauna da shi na ji daga inda ya fito kafin a ba shi kayan fursuna. Gandirobobi suka ce Ingila ta lalata ni.

Ba da daɗewa ba bayan zuwan doya ta huɗu aka aiko mini cewa an sako shi, an sa shi a jirgi. Na tarbe shi a tasha. Ya rame, furfura ta fito masa, da jirgin ya yi usur na ga kafaɗunsa sun motsa, amma bai faɗi ba. Muka hau mota zuwa Gwada. Tsohuwar tana zaune a ƙofar ɗakin, idonta ya yi rauni sosai. Ya tsaya daga nesa ya kira ta da harshensu. Ta ɗaga kai ta miƙo hannu, ya je ya durƙusa, ta riƙa shafa fuskarsa tana magana ƙasa-ƙasa.

Na koma gindin ɗorawa inda direba ke jira, na zauna. Maganar da za su yi ba ta bukatar tafinta.